Farantin Sarƙar BMX Ya Ƙi Zama Daidai

Tambaya: Na sayi farantin sarƙa mai haƙora 25 don kekena BMX, amma yana lilo a kan sandar feda. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, auna kaurin sandar tukuna, yawanci milimita 19 ne, ko 22, ko 24. Ramin farantin da ake ɗaurewa da noti kuwa yawanci milimita 23.8 ne, don haka sanda mai 19 ko 22 sai an sa mata zoben cike gurbi. In babu zoben, farantin zai kauce daga tsakiya, sarƙa ta riƙa tsukewa tana saki a kowane juyi. Sanda mai 24 faranti nata daban ne. Faranti mai tsaga 48 kuma, wato ƙananan haƙoran cikin raminsa masu shiga na jikin sanda, ba ya hawa sanda mai tsaga 8, ko da guduma.