Ku Tambayi Anti: "Kullum Ni Ce Uwar Miji"

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekarata 24, ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Tudun Wadan Zariya. Shekara uku ke nan, in ba uwar miji ba, to kishiya ko dillaliya ake ba ni. Ban taɓa fitowa a amarya ba. Har yaran unguwa sun laƙaba mini "Muguwa". Shin in haƙura da harkar ne? Daga 'yarki a Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, kada ki bari. Yaran nan da suke kiranki Muguwa shaida suke ba ki ba su sani ba, domin sai wasa ya shiga jikin ɗan kallo yake bin mai shi da suna har gida.

Ki dubi marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta fi sani da Daso. An haife ta a 1968, ta shiga fim a shekarar 2000 da "Linzami da Wuta", wato ta haura talatin kafin a fara ganin fuskarta. Masifaffiyar uwa da makirar mace, su ne abincinta. Amma ki lura da yadda take yi: ba ihu kaɗai ba ne. Akwai harara, akwai taɓe baki, akwai ɗan shirun da take yi kafin ta yanka magana, har ki ji gabanki ya faɗi alhali kina zaune a ɗakinki. 'Yan mata nawa aka yi yayinsu a tsawon shekarun nan, aka daina jin ɗuriyarsu? Ita kuwa tana aiki har Allah Ya karɓi ranta a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen azumi. Ranar na ga matan da suka sha tsine mata a gaban talabijin suna share hawaye. Allah Ya jiƙanta.

Ni kaina a tashe na fara gane wannan, muna yara a cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Kowa na son ta zama amarya, amma wadda ta ci ɗamara ta kwaikwayi tsohuwa mai mita, ita ke sa matan gida dariya har a ƙaro mana hatsi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ɗacin abin ba. A 2022 Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar ake sallamarta da su a fim, bayan shekarun da ta kwashe tana fitowa a uwa. Maganar ta tayar da ƙura, wasu furodusoshi suka musanta, amma ni har yau tana ci mini rai. Saboda haka ki riƙe sana'ar hannu ko karatunki gam, kuma ki yi cinikin ladanki tun kafin a kunna kyamara.

Sa'an nan kina da abin da 'yan wasan wasu garuruwa ba su da shi: dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ginin ƙasa tun shekarun 1970. Duk ranar da ɗalibai za su yi wasa, ki hau mota ki je ki kalla. Ki kuma riƙa zama kusa da dillalai a gidan biki, ki ji yadda suke jan magana in za su yabi zane. Ki rubuto mini bayan wasanku na gaba, ina so in ji yadda uwar mijin ta kaya.