Sony ko Sennheiser don kiɗan rock da motsa jiki?

Malam, kana neman iyafis ɗaya da zai yi maka kiɗan rock kuma ya jure zufa, tsakanin Sony WF-1000XM5 da Sennheiser Momentum True Wireless 4. A kunnena, Sennheiser ya fi fitar da sautin gita, ganga ba ta danne shi. Sony gwani ne wajen toshe hayaniya, amma soson bakinsa na shan zufa, kana tsaka da gudu sai ya fara zamewa. Sennheiser kuwa yana da ɗan fiffiken roba mai kama kunne, kuma matakin kariyarsa IP54 ne, wato yana jure ƙura da feshin ruwa, na Sony kuwa IPX4, feshin ruwa kawai. Ni dai Sennheiser zan ɗauka.

Kada ka mayar da shi akwatin caji a jiƙe, goge shi tukuna. In kunnenka na ƙugi bayan ka cire, rage ƙara, ka ga likitan kunne.