Kafin a taɓa filin Baba saboda bizar Katar

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka har sau biyu bayan na taso daga aiki. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin bizar Katar, in ka sauka zai haɗa ka da kulob ɗin ƙwallo, har kana so a sayar da filin da Baba ya bari a biya shi. Hujjarka kuma Mohammed Muntari: ɗan ƙwallo ne, yaron Kumasi ta Gana, ga shi yau da rigar Katar a jikinsa.

Ina Doha ranar da ya ci ƙwallon nan a gasar cin kofin duniya, 25 ga Nuwamba 2022, a filin Al Thumama, wanda aka gina da siffar hula. Daga benci ya shigo, a minti na 78 ya tashi ya sa mata kai a ragar Senegal. A ɗakinmu mu shida muke kallo a waya ɗaya da aka jingina da tukunya, wani ɗan zangon Kumasi da ke cikinmu ya yi tsalle har ya zubar da shayi. An ci Katar 3 da 1, amma ita ce ƙwallo ta farko da ƙasar ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, kuma ita kaɗai ta ci a gasar ta 2022 gaba ɗaya. Don haka ban raina abin da kake hange ba. Ni ma na ji shi a jikina.

Sai dai ka duba ta ƙofar da ya shigo. A makarantar ƙwallo ta Nii Lamptey, tsohon ɗan wasan Gana, ya taso. A 2012 kulob ɗin El Jaish na Katar ya ɗauke shi, wato ta ƙofar kulob ya shiga ƙwallon ƙasar. Daga nan ya koma Lekhwiya, wadda ta haɗe da El Jaish a 2017 aka samu Al-Duhail. Shekara goma cur tsakanin saukarsa da waccan ƙwallo. Kai kuwa abin da ejan ɗinka ke sayar maka bizar leburanci ce, ko wadda ake ce wa firi biza, wato bizar da babu wani aiki da ke jiranka, kuma babu kocin da ke zagaya masaukin ma'aikata yana neman ɗan gaba.

Akwai wani yaro ɗan wajenmu da ya zo shekara uku da suka wuce, takalmin ƙwallonsa naɗe a leda a ƙasan jaka. Ya iya, wallahi ya iya. Yanzu gadi yake yi a ƙofar wani gini, awa 12 a tsaye. Ran Juma'a da yamma kaɗai yake taɓa ƙwallo, a wani fili mai tsakuwa a Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Doha, shi da 'yan Nepal da 'yan Kenya. Mafi ƙarancin albashi a nan riyal 1,000 ne tun 2021, sai 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka su ba. Da wannan yake biyan bashin da aka ciwo masa a gida.

Maganar zama ɗan ƙasa kuma, nan ne na fi so ka natsu. Dokar Katar ta 2005 ta ce sai baƙo ya yi shekara 25 a jere kafin ma ya nema, ya kuma iya Larabci, kuma ba a ba fiye da mutum 50 a shekara. 'Yan wasa da dama da aka ɗauko daga waje fasfo na wucin gadi ake ba su don su wakilci ƙasar, wanda bai kai matsayin na haifaffen ɗan ƙasa ba. Ita ma FIFA ta tsaurara. Tun 2004, da Katar ta nemi ɗauko Ailton ɗan Brazil wanda bai taɓa zama a ƙasar ba, aka toshe wannan hanya, yanzu kuma wanda ba shi da iyaye ko kakanni a ƙasar da yake son bugawa wa sai ya zauna cikinta shekara biyar. Kana da shekara 22. Yi lissafin da kanka.

Ban ce ka ajiye ƙwallo ba. Ka dage ka samu shiga ƙungiyar da ke buga gasa mai rajista, a riƙa ɗaukar wasanninka a bidiyo, cikakken wasa, ba guntayen da ka yi yanka kaɗai ba. Shi kuma ejan, tambaye shi lasisinsa na FIFA, da wasiƙar gayyata mai sunan kulob ɗin da hatiminsa. In ya ba ka, turo mini hotonta. Ran Asabar ba ni da aikin safe, zan je ofishinsu da ƙafata in tambaya. Kafin nan kada ka ba shi ko sisi, kuma ka gaya wa Inna ta ɓoye takardar filin.