Baƙin giya daga wuta yake fitowa

Ɗana, jiya muna wanke tukunya ka tambaye ni abin da ya sa mutanen Bavariya, nan kudancin Jamus, ke neman baƙar giya da zarar hunturu ya kama, kuma ko baƙin nan ne ke ba ta ƙarfi. Hannuna na cikin aiki, ban amsa maka yadda ya kamata ba.

Baƙi daban, ƙarfi daban. Guinness da ake zubawa daga ganga a Dublin baƙa ce wuluk, amma barasarta kashi 4.2 ne kacal cikin ɗari, ba ta kai farar giyar da muke dafawa a nan ba. Ƙarfi daga yawan sukarin da yis ya ci yake zuwa. Launi kuwa aikin wuta ne.

Ka ga yadda mata a gida ke jiƙa dawa, su bar ta ta yi tsiro, su shanya kafin su dafa burkutu. Haka ake yi wa sha'ir, sai dai a nan da zafin murhu ake busar da tsiron. In an tsaya wajen digiri 80, ya fito fari. In an kai shi 100 ko ɗan sama, ya zama tsiron Munich, mai ƙamshin ɓawon burodi. In aka juya shi a gangar suya har ya haura 200, sai ya yi baƙi kamar kofi. Wani Bature ɗan Ingila, Daniel Wheeler, shi ya yi rajistar wannan ganga a 1817.

Nan ne nake so ka natsu. Soyayyen tsiro kamar kanwa yake a miya: kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata. A buhu ɗari, biyu ko uku sun isa. Shekarata ta biyu a wannan sana'a na ƙara hannu don ina son giyar ta yi duhu sosai, sai ta fito da ɗacin toka, muka zubar da tukunya guda. Har yau abin yana damuna, domin hatsin wani manomi ne da wahalarsa. Jikin giyar da zaƙinta daga tsiron Munich suke, baƙin don ido ne da ɗan ƙamshi. Karamel, wato ƙonannen sukari, da wasu ke ɗigawa don launi kuwa, a gidan nan babu shi. Dokar giya ta Bavariya ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da hops kawai, wato furen da ke ba giya ɗaci, kuma ni ina tare da ita.

Maganar hunturu tana da tarihi. A 1553 aka hana dafa giya a Bavariya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda zafi na lalata ta. Yis ɗinmu sanyi yake so, digiri 8 zuwa 10, yana aiki a hankali a gindin tanki. Sufayen Kirista na Paulaner a Munich kuma sun dafa wata mai kauri don azumin da ke gabanin Ista, ita ce Salvator, uwar duk wata Doppelbock, wato irin giyar nan mai kauri da ƙarfi. Wanda ya shigo daga ƙanƙara hannu a daskare, abin da zai cika masa baki yake nema, ya kurɓa sannu a hankali kusa da murhu. Don haka kar ka miƙa masa ita da sanyin firiji. Ta ɗan huce zuwa digiri 10, ƙamshin zai tashi. Kofi ɗaya ya wadatar, don Doppelbock tana kai kashi 7 zuwa 8.

Mu ƙananan masu dafawa tankunanmu kaɗan ne, kuma wannan giya tana zaune cikin ɗaya wata biyu ko uku a sanyi kusa da sifili. Za ka ji kamar asara ce. Kar ka taɓa ta. In ka fitar da ita da wuri, warin man shanu zai bi ta, kuma tsofaffin unguwar nan za su gane tun kurɓar farko. Shi ya sa giyar Disamba a Satumba muke ɗora ta.

Gobe ka zo ƙarfe biyar. Zan ɗebo maka tsiro iri uku a tafin hannu, ka tauna kowanne, ka faɗa mini wanne za mu fi zubawa.