Tafiyar ɗalibai daga Madina zuwa Al-Ula

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ku sabbin ɗalibai ku je Al-Ula a hutun nan. Ku je, amma da sanyi, ba da zafi ba. Mu 12 muka haɗa kuɗin mota, har da 'yan Indonesiya, muka bar Madina bayan Asuba, tafiyar wajen awa 4. Shiga Hijir, tsohon garin mutanen Annabi Salihu da aka halaka, kusa da Al-Ula, sai da tikiti, ku yanka ta intanet tun kuna gida. A can akwai kaburburan Nabatawa, wasu Larabawan dā, sassaƙe jikin duwatsu, sun haura 100. Gaban Ƙasrul Farid, dutse tilo tsakiyar yashi, wani abokinmu ya tuna mana yadda Annabi (SAW) ya wuce nan da sauri a tafiyar Tabuka. Wallahi jikin kowa ya yi sanyi. Ku riƙe iƙamarku (katin izinin zama) da ruwa mai yawa.