Karsanar Jaririya: Amsata Ga Ɗan Ƙanena

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da arziki, Allah ya raya mana ita, ya ƙara wa mai jego lafiya. Mu nan Billiri lafiya lau, ana ta yankan dawa da ɗaurin harawa. Mamarka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa surukarta kada ta yi wasa da kunun kanwa.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da na aiko maka cewa na ware wa jaririya karsana a garke, hankalinka bai kwanta ba, domin wani ɗan'uwa a majami'arku ta Abuja ya ce wannan al'adar Fulani ce, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma wai ƙulla ran yaro da dabba wani irin alkawari ne na duhu. Ka tambaya ko ba gara a sayar a buɗe mata asusu a banki ba. Sannan a ƙasa, da 'yan kalmomi kaɗan kamar mai jin kunya, ka ce kana tunanin sayar da naka shanun gaba ɗaya ka kai kuɗin majami'a a matsayin nunan fari, wato rabon Allah daga amfanin farko, don an ce muku ta haka ƙofofi ke buɗewa. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata. Zan amsa maka, amma sai ka yi haƙuri da tsawon maganar tsoho.

Ɗan'uwan nan ya faɗi gaskiya a abu guda: daga wurin Fulani muka gani. Ba ma ɓoyewa. Kakanka manomi ne, ba makiyayi ba. Ya karɓi bishara, wadda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka kawo ƙasar Tangale a 1917 lokacin da suka sauka a Kaltungo, kuma ya koyi karatu ne da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Shanu sun shigo gidanmu ta hanyar auduga. A zamanin da auduga take kuɗi a ƙasar Gombe, wajajen lokacin da jirgin ƙasa ya iso a 1963, ya sayi shanun huɗa biyu da garma. Da ya ga riba sai ya ƙara da saniya, ya damƙa ta a hannun wani Bafulatani da ke sauka a gonarmu kowace kaka, shanunsa su ci karmami su bar mana taki. A rugar mutumin nan ya halarci suna, ya ga an nuna wa jariri karsana an ce tasa ce, da duk abin da za ta haifa. Ya dawo gida ya ce wannan hikima ce, shi ma zai yi wa 'ya'yansa. Ba a yanka komai a kan dutse ba, ba a kira sunan wani dodo ba. Kakanka ya san tsafi sarai, don a gidan da ake yinsa aka haife shi, kuma ya sha wuya a hannun danginsa kafin su ƙyale shi ya bi Yesu. Da ya ji ƙanshin tsafi a cikin wannan abu, ko kusa ba zai je ba.

In kuwa aro ne laifin, to ka tambayi ɗan'uwan naka daga ina farar rigar amarya ta zo, da zobe, da kek ɗin da aka yanka ranar aurenku. Ban ga ayarsu ba. Abin da nake auna al'ada da shi ke nan: wa ake kira a cikinta, wa take cuta, wa take amfana. A tamu, ranar da za a miƙa yaro a majami'a, bayan an taso sujada, fasto da dattawa sukan biyo mu garke. A kamo karsanar, uban yaro ya riƙe igiya, a yi addu'a Allah ya raya yaron cikin tsoronsa, ya sa albarka a dabbar, a rera waƙa guda, a rubuta a littafin gida: sunan yaro, launin karsana, sunan uwarta. Shi ke nan, sai a ci shinkafa. Idan saniyar ta mutu, ba abin da ke samun yaron, sai dai mu nemi wata mu mayar masa in da hali. Taka ta farko ma ai ciwon huhu ya kashe ta kana aji biyu, ga ka nan da ƙiba har da tumbi.

Da farko maza kaɗai kakanka yake ba. Kakarka ce ta tsaya a kan sai an ba mata. Mace ce mai riƙe aya a ka, shugabar Zumuntar Mata ta yi shekaru. Ta buɗe masa Littafin Ƙidaya sura 27, inda 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka je gaban Musa neman gādon ubansu, Allah kuma ya ce suna da gaskiya. Ta ƙara da Ayuba, wanda a ƙarshen littafinsa ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza. Kakanka ya yi kwana da kwanaki yana cewa mace ai gidan wani za ta kai, daga baya ya sallama. Saboda haka 'yarka tana da karsana ba don alfarma ba. In ta yi aure, shanunta nata ne, ba na mijinta ba, ba kuma a lissafa su cikin kayan aure. Goggonka da ke Kumo, da mijinta ya rasu danginsa suka kwashe komai har tabarma, shanunta da ke nan garke su suka riƙe ta da marayu huɗu.

Batun banki, ban hana ba. Ka buɗe mata, ka riƙa zuba abin da ka samu. Amma ni na ga naira tun ranar da ta fito a 1973, na ga lokacin da ta fi dalar Amurka daraja, na kuma ga yadda ta zube a 2023 bayan an cire tallafin man fetur, har dala ɗaya ta haura naira dubu. Wanda ya ajiye wa ɗansa kuɗin karsana a banki shekara talatin da suka wuce, yau ko akuya ba zai saya da su ba. Ita kuwa Bunaji, irin fararen nan namu, takan yi haihuwar fari tana da wajen shekara huɗu, cikinta wata tara da 'yan kwanaki, kuma in ta samu abinci takan ba ka maraƙi kusan duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka lissafa da kanka abin da zai taru kafin yarinyar nan ta shiga jami'a. Ba na ce maka saniya ba ta da hasara ba. A 1983 annobar shanu da ake kira bushiya ta shigo, muna ji muna gani muka riƙa jan gawa zuwa rami, kakanka ya tashi da ƙasa da rabin garkensa. Ita dai an gama da ita a duniya tun 2011, amma sammore da ciwon hanta da kirci suna nan, ga kaska da damina, ga ɓarayin shanu da suka sa yanzu ba ma barci da ido biyu. Shi ya sa muka kewaye gonar da shinge, muka daina tura su nesa, muke sayen dusa da angurya da rani, muke kiran malamin dabbobi ya yi musu allurar rigakafi irin wadda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Karin Magana 27:23 ta ce mutum ya san lafiyar garkensa sosai, kuma aya ta gaba ta ba da dalili, cewa dukiya ba ta dawwama.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ka sa a ƙarshe.

Gidan nan ba ya wasa da rabon Allah, kai ma shaida ne. Ka tuna safiyar Asabar ɗin da ke gaban godiyar kaka? A kwance maruƙan shekarar daga dangwali, a koro su ta ƙaramar ƙofar nan da ɗaya kawai ke iya wucewa, a ba ƙaramin yaro sanda ya tsaya yana ƙirgawa da ƙarfi. Na goma, ya ɗora masa sandar a gadon baya, a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. In ba su kai goma ba, a riƙe lissafin a ci gaba da shi baɗi. Kakanka ya ɗauko wannan daga Littafin Firistoci 27:32 da 33, inda aka ce na goma da ya bi ta ƙarƙashin sanda na Ubangiji ne, kada a duba mai kyau ne ko maras kyau, kada a musanya. Yaro ake ba sandar domin shi bai san farashi ba. Wata shekara kai ne ka riƙe, sandarka ta sauka a kan wata maraƙa mai doron kirki da ubanka, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya daɗe yana wa tanadi. Ya tsaya ya yi shiru yana taunar leɓe, sannan da hannunsa ya ɗaura mata ƙyallen. Haka kuma ɗan fari na kowace karsana, in namiji ne, mukan yi kiwonsa ya yi ƙwari, a kai kara a sayar, kuɗin su shiga baikon majami'a. Da irin waɗannan aka sayi kwanon rufin majami'armu.

Amma ka ji da kyau. Wannan wa'adi ne da kakanka ya ɗaukar wa gidansa don godiya, mu kuma muka ga ya yi kyau muka riƙe. Ba ciniki ba ne. Ba mu taɓa ba Allah maraƙi don ya biya mu da bijimi ba. A shekarar bushiya ma an ƙirga, an fitar, shanun kuma suka ci gaba da mutuwa, kakanka bai ce Allah ya ci bashinsa ba. Manzanni da suka taru a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 15, ba su ɗora wa al'ummai dokar 'ya'yan fari ba, Bulus kuma ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Duk mai ce maka ka kawo dukiyarka kaf don a buɗe maka ƙofa, ka tambaye shi a hannun wa makullin yake.

Kuma akwai abin da ban tabbata ka sa a lissafi ba, don kun bar gida kuna yara. A garken nan shanu na masu su ne, amma nono na mata ne. Wannan ma daga Fulani muka gani, muka kuma ga adalci ne. Shanunka guda bakwai ne yanzu, uku suna tatsa. Kowace safiya kafin rana ta fito, mamarka ce ke fitowa da ƙwaryarta, a saki maraƙi ya ɗan tsotsa don nonon ya sauko, a janye shi a ɗaure a ƙafar uwar, ta tsuguna ta tatsa. Ta bar wa maraƙi rabonsa, ta dafa sauran, ta zuba a kwano ya kwana ya zama kindirmo, ta kaɗa wani ta fitar da mai. Daga nan take sayen gishiri da sabulu da maganin hawan jininta, daga nan take fitar da baikonta na Zumuntar Mata, ba ta roƙi kowa ba, har kai. Ran Lahadi ma sai ta tatsa kafin ta yi wanka ta tafi sujada, mun kuma sha amsa wa masu tambaya cewa Yesu da kansa ya ce ana kwance sa a kai shi shan ruwa ran Asabar. In ka sayar da shanun nan ka kai wa wani bagade a Abuja, ƙwaryar wa ka kife? Ka karanta Markus 7 daga aya 9 zuwa 13. Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Ka haɗa da 1 Timoti 5:4 da 8. Ba ni na rubuta ba.

Shanun naka ne, ba zan ɗaure maka hannu ba. Dokar gidan dai ka san ta: namiji ana sayarwa don makaranta, ko asibiti, ko aure, ko sayen fili. Da bijimai biyu aka biya maka kuɗin jami'a, da ɗaya aka kai kayan aurenka. Uwar garke kuwa ba a kai ta kara sai ta tsufa ta daina haihuwa, ko in rai ne ake ceto. In kana so ka yi wa Allah godiya ta musamman saboda wannan haihuwa, kuma ya kamata, akwai bijiminka mai baƙin kunne da ya isa sayarwa. Zan kai shi kasuwar dabbobi ta Tike a Gombe da kaina, don in kai ka je da wannan takalmin naka dillalai za su yi maka wayo. Ka raba kuɗin yadda zuciyarka ta ba ka, majami'arku ta can, ko tamu ta nan, ko masu bishara da ke ƙauyuka ba albashin kirki.

Ku zo da Kirsimeti in mai jego ta yi ƙwari. Fasto ya yarda a miƙa yarinyar ran Lahadin da ke biye. Za mu yanka sa, kuma kamar kullum maƙwabcinmu Musulmi ne zai sa wuƙa, don mutanen ruga su ci tare da mu, jikokin mutumin nan da kakanka ya fara ba riƙon saniya suna cikinsu. Ka turo mini cikakken sunan jaririyar yadda kuke rubuta shi, saboda littafi. Ka kuma taho da kuɗin dusa buhu biyu da na allura, don daga ranar da aka rubuta karsanar da sunan 'yarka, cinta da maganinta a wuyanka suke.

Ni ne baffanka.