Wasiƙun Baba daga Bama

Ɗiyata, na ji saƙonki tun shekaranjiya, ƙafar nan ce ta hana ni sakat. Kin ce kin buɗe gwangwanin Hajiya kin kai wa malam takardun ya karanta miki, gaisuwa kawai kika ji, a gai da wane a gai da wance, ko sunanta babu, wai ko al'ada ce ta hana su soyayya a lokacin. Wallahi sai da na yi dariya har tari ya kama ni.

Baba dai yana cikin sojojin Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, ta Indiya suka bi, sai bayan 1945 ya dawo Kumasi. Wannan barikin soja na Burma Camp da ke Ankara, babban birnin Gana, da kike wucewa a motar haya, daga yaƙin nan sunan ya fito. Kafin ya tafi an riga an yi baiko an raba goro, to wasiƙa ba hannun yarinya take zuwa ba, sunan mahaifinta ake sawa. Baba bai iya rubutu ba, wani abokinsa almajiri ke rubuta masa da ajami, hafsa Bature kuma yana da ikon a duba masa kafin ta fita, ta iso Zango malam ya karanta da ƙarfi a zaure, maƙwabta duk sun kasa kunne. Ke a gaban mutane nawa kenan? Namijin da zai ce ina sonki a nan ai ya zubar wa yarinya mutunci, surukai su ce ba shi da kunya.

Ita Hajiya bayan zana take laɓewa tana tsintar shinkafar ƙarya. Koma ki ce malam ya sake karanta ƙarshen kowace takarda. Za ki ji "a gai da mai koko, a ce kokon nan ƙasar ba ya shayuwa". Ita ce mai kokon, a bakin titi ya fara ganinta da tallanta. Duk zauren sun sani, kowa ya yi kamar bai gane ba, mahaifinta ma sai ya hau gyaran rawani.

Amsa kuwa ba ta da bakin aikawa, wanta ke cewa malam ya ƙara "mai koko ta amsa, gero na nan an ajiye". Kuma kar ki bar takardun a leda, zafi zai manne tawadar, ki mayar da su gwangwaninsu ki kawo min ranar Juma'a.